Shinkafar da Ban Noma Ba

Shekarun baya, lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, abu ɗaya nake taƙama da shi a duniya: ban taɓa cin bashin kowa ba. Ba ni da mota, ba ni da mata, ɗakin da nake kwana ma na haya ne mu biyu da abokina. Amma duk sanda hira ta yi daɗi a majalisa sai na san yadda na yi na soko maganar cewa ni fa ko mai shayi ba ya bina ƙwandala. Yanzu idan na tuna yadda nake faɗar maganar nan ina ɗaga kafaɗa, kunya ce take kama ni.

A lokacin ina yi wa wani dillalin riɗi da zoɓo aiki a Maigatari. Ni ne mai awo. Manoma su kawo kaya, in ɗora a sikeli, in rubuta, a ɗinke buhu. Ranar Alhamis da kasuwa take ci, tun hantsi har la'asar sakaliya ba na samun zama, ga mutanenmu na ƙauyuka, ga na Damagaram masu lissafinsu da sefa. A gaban sikelin nan na lura da wani abu. Wanda yake samun kuɗi ba tare da ciwon kai ba shi ne mai ɗauko kayan daga ƙauye. Amalanke tana da jan rai, babbar mota kuma ba za ta shiga yashinmu saboda buhu goma ba. Amma keken nan mai ƙafa uku, mai bodi a baya na ɗaukar kaya, shi ne daidai wurin. Sai na sa a raina ni ma sai na mallaki ɗaya.

Shekara uku ina tari. Duk abin da na samu sai in kai ƙauyenmu da ke ƙasar Sule Tankarkar, mahaifiyata ta saya mini ɗan rago ta ɗaure a bayan ɗakinta, ragowar ta zuba mini adashe. Sai dai farashin keken kamar yana jin labarina, duk sanda na matso sai ya ƙara gaba.

Abokin nan nawa da muke ɗaki ɗaya, mai cire wa mutane kuɗi da na'ura a bakin tasha, shi ya kawo shawara. Ya ce akwai wani ƙaramin banki a Gumel da yake saya wa mutum kaya, su ɗora ribarsu a fili tun farko, ka ba da wani kaso a hannu, sauran ka riƙa biya wata-wata, babu kuɗin ruwa. Na tambayi malaminmu, ya ce in dai haka ne ciniki ne. Ban ɓata lokaci ba na hau mota sai Gumel.

Wata mata na tarar a teburin masu neman irin wannan ciniki, mai tabarau. Ba ta kai mahaifiyata ba, amma ta girme ni nesa. Ta saurare ni har na gama zuba, har da labarin ragunana. Sannan ta ce in kawo mata takardar shige da ficen kuɗin asusuna ta wata shida.

Asusu kam ina da shi, wanda aka tilasta mana buɗewa tun muna makaranta. Na je bankin da yake, na bi layi, aka buga mini takardar. Shafi ɗaya ce, fiye da rabinta fari fat. Kuɗin da na biya aka buga ta ya fi abin da ke cikin asusun.

Matar ta karɓa ta duba, ta juya bayan takardar ko akwai ci gaba, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ka ce kana sana'a."

"Ina yi, Hajiya. Shekara uku ke nan."

"To ta ina kuɗin suke bi?"

"Hannu da hannu ake biyana. Abin da na tara kuma yana wajen mahaifiyata, raguna shida da adashe."

"Allah ya sa musu albarka. Amma ni ba zan iya sa rago a fayil ba."

Na gyara zama na ce ta aika a tambaya a kasuwar Maigatari. Na ce ubangidana yakan bar ni da kuɗin da za su sayi keke goma, ya tafi Kano ya kwana biyu, ya dawo bai ko ƙirga ba. Sannan na fito da babban makamina, na ce, "Kuma Hajiya, ni tunda nake ban taɓa cin bashin kowa ba."

Ta ce, "Ai matsalar ke nan. Wanda bai taɓa karɓa ya biya ba, ta ina zan san yana biya?"

Ta ce in buɗe asusu a wajensu, kuɗina su riƙa bi ta ciki wata shida, sannan in dawo. Na fito ina huci. Da na koma ɗaki na gaya wa abokina wai laifina shi ne ban taɓa cin bashi ba, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya gama ya ce, "Mutumina, ka yi yadda suka ce. Wata shida kamar gobe ne."

Na buɗe asusu a wajensu. Na roƙi ubangidana ya daina ba ni kuɗi a hannu, ya riƙa turo mini ta waya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma ka zama ɗan boko ke nan?" Amma ya yarda. Da adashena ya fito na kwashe na zuba a ciki, mahaifiyata tana mita wai na kai wa baƙi kuɗina ajiya. Kowane saƙo ya shigo wayata sai in ga an yanki wani abu, na kaza, na kaza, abubuwan da ban san sunansu ba. Wata ranar kasuwa kuma layi ya ɗauke tun safe, ga kuɗina a asusu, ga yunwa, ba ko sisi a aljihu. Ranar ce na fara cewa mai ɗanwake ta zuba mini zan kawo mata gobe. Ni da ban taɓa cin bashi ba, a garin nuna wa banki ni mai amana ne na fara ci.

Wata shida suka cika daidai damina tana ja da baya, riɗi ya fara rawaya a gonaki. Lissafina shi ne in karɓi keke kafin a fara yanka, kakar nan kaɗai ta biya mini wata huɗu. Na sayar da raguna huɗu na haɗa kason da suke so a hannu. Na samo mutum biyu da za su tsaya mini. Na riga na gaya wa duk ƙauyenmu, har na yi wa manoma uku alkawarin ni zan ɗauko musu kaya. Ranar na saka shaddata ta Sallah, na fesa turaren abokina, na tafi Gumel.

Ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Ta ce saura abu ɗaya, in ba ta lambar BVN ɗina, lambar nan da duk bankuna suke gane mutum da ita. Na karanto mata. Ta danna, ta jira, ta matso da fuskarta kusa da kwamfuta.

"Malam, kai manomi ne?"

"Kowa a garinmu manomi ne, Hajiya."

"Shinkafa kake nomawa?"

Dariya na yi. Na ce, "Shinkafa? A garinmu rijiya gaba talatin ce. Gero ma sai da addu'a."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To a nan an nuna ka karɓi bashin noman shinkafa, hekta ɗaya, shekara huɗu da suka wuce, ta hannun wata ƙungiyar manoma a Gagarawa. Ba a biya ko sisi ba. Da abin da ya hau kai, ya kusa dubu ɗari biyu."

Abin da na yi a wajen nan ba na son tunawa. Na miƙe tsaye. Na rantse da Allah, na sake rantsewa. Na ce a kawo Alƙur'ani. Na ce 'yan damfara ne suka sace mini lamba, na ce kwamfutarsu ce ta haɗa ni da wani mai irin sunana. Muryata ta kai har bakin ƙofa, mai gadi ya leƙo. Ita kuwa ko gezau. Ta ce in zauna. Ta ce ba su suka ba da bashin ba, wani banki ne daban, amma tana da wadda ta sani a can. Ta buga waya, muka jira kamar rabin awa, sai ga hoton takardar an turo mata. Ta juyo mini da wayar.

Ni ne. Ni ne da rigar makaranta, kunnuwa a waje, wuya kamar na zakara. A ƙasa ga sa hannuna, irin wanda na yi wata guda ina koya a bayan littafi, mai doguwar jela a ƙarshe. Kusa da shi ga dangwalen babban yatsana.

A nan na tuna.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ne tsaye a kanmu. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare, kuma babu kakar da za ta wuce bai aiko mana da hatsi ba. Wata rana, ina sabon gama makaranta, ya zo ya ce in ɗauko hotona da lambar bankina, gwamnati za ta ba matasa tallafi. Ya goya ni a babur har Gagarawa. A wani ajin firamare aka tara mu, muka bi layi, aka nuna mana inda za mu sa hannu, muka dangwala. Ban karanta ko layi ɗaya ba, ni da nake ganin na fi kowa turanci a garinmu. Da muka fito aka ba kowa dubu biyu kuɗin mota. Na ci tsire, na kora da lemo, na yi wa gwamnati addu'a.

Na koma na zauna a hankali. Turaren da na fesa ma sai na ji yana hawa mini kai. Da ƙyar na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki duba wannan tun wata shida da suka wuce ba?"

"Sai takardu sun cika muke dubawa. Kuɗi ake biya kafin a duba."

Daga Gumel ban koma Maigatari ba, ƙauye na wuce da shaddata. Mahaifiyata tana jin kalmar bashi da kuɗin ruwa ta saki muciya ta hau salati. Na bar ta na nufi gidan kawu. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ubangidana, ya tambayi ruwa a wajenmu. Da gaisuwa ta ƙare na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ko igiyar bai ajiye ba. Ya ce, "Au, wannan? Ai ba bashi ba ne, ɗan nan. Rabonmu ne."

"Kawu, a banki bashi aka rubuta."

"Su rubuta mana. Takarda tasu, biro nasu. Duk garin nan wa ka ga ya biya? Tunda aka haife ni me gwamnati ta taɓa ba ni? Sau ɗaya an tuna da mu shi ne za ka zo kana zare ido?"

Na tambaye shi me aka ba shi. Ya ce taki buhu uku, irin shinkafa buhu ɗaya, da injin feshi. An ce akwai injin ban ruwa yana tafe, har yau bai iso ba. Takin ya zuba wa geronsa, injin feshin yana nan a ɗaki ya lalace.

"Irin shinkafar fa, Kawu?"

"Ina za mu shuka ta, a kan tudun nan? Mun kai an casa, muka ci da Sallah. Kai ma ka ci. Har ƙari ka nema."

Na ce to me ya sa bai sa sunansa ba. Ya ce ai matasa aka ce, masu lambar banki, shi ina ya ga lambar banki. Sannan ya ce in abin ya dame ni in je in ga shugaban ƙungiyar a Gagarawa, shi ya san kan zancen.

Sau uku ina zuwa Gagarawa. Zuwan farko aka ce Ciyaman ya tafi taro. Na biyu aka ce ya tafi ta'aziyya, na zauna a dakalin gidansa tun azahar har rana ta yi sanyi. Na uku na ritsa shi a kasuwa yana cinikin akuya. Mutum ne mai fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu kamar ya shekara yana nemana.

"Ka kwantar da hankalinka, samari. Ana maganar yafewa."

"Yaushe, Ciyaman?"

"Idan zaɓe ya matso."

"Ni kafin a yanke riɗi nake so."

Ya yi dariya. Ya ce duk mutanen da suka sa hannu ranar nan ni kaɗai ne na zo ina tayar da jijiyar wuya. Na tambaye shi injin ban ruwan da aka rubuta a kaina na karɓa, ya ce wannan magana ce ta sama, ta fi ƙarfinsa. Ya saki hannuna ya koma kan akuyarsa.

Abokina ya ce in kai ƙara. Na yi tunanin hakan sosai, ba zan ɓoye ba. Amma wa zan kai? Sa hannuna ne, yatsana ne. Kuma da na furta maganar a gaban mahaifiyata sai ta dube ni ta ce, "Idan ka tsayar da yayana gaban hukuma, da wane ido zan sake shiga gidanmu?"

Na ce, "To Inna, ni da wane ido zan sake shiga banki? Shekara uku ina tara kuɗin nan. Ke kika yi kiwon ragunan."

Ban taɓa mayar mata da magana haka ba. Ta ci gaba da tsince wakenta. Washegari da safe ta yafa mayafi ta tafi gidan kawu, ba ta dawo ba sai da aka kira azahar. Har yau ban san me suka tattauna ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce magana ce tsakaninta da ɗan'uwanta. Abin da na sani shi ne, da aka yi girbi sai ga amalanken kawu a ƙofar gidanmu da gero buhu biyu da wake buhu ɗaya. Saƙon da ya biyo kayan shi ne, "A gaya masa ya kai wa masu shinkafar." Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba.

Kuɗin hatsin bai kai rabin bashin ba. Bankin da ya ba da bashin kuma ba shi da reshe a kusa da mu, sai da na yi tafiyar rabin yini. Zuwan farko aka ce layi ya ɗauke, in dawo. Na biyu aka ce mai kula da fayil ɗin manoma yana hutu. Na uku na same shi, ya dube ni kamar ya ga abin mamaki, ya ce tunda ya fara aikin nan waɗanda suka kawo kansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na roƙe shi, ya shiga ciki ya fito, aka rage mini wani abu daga abin da ya hau kai. Na cike sauran da kuɗin ragunana, kuɗin da na tanada don keke. Aka ba ni takarda mai hatimi cewa na biya. Na riƙe ta a mota da hannu biyu har gida, takarda mafi tsada da na taɓa saya.

Kakar nan a gaban sikeli na yi ta. Wani mutumin ƙauyen da ke kusa da namu ya sayo keke sabo fil, shi ya ɗauko kayan manoman nan uku da na yi wa alkawari. Ya sauke, ni in auna. A ƙauye kuwa aka sa mini suna Mai Keke. Tsofaffi ma da na gaishe su sai su amsa, "Lafiya lau, Mai Keke, ina aka ajiye ta?"

Na kai wa matar bankin Gumel takardata, ta ce to madalla, amma sai an gyara a can inda ake tara bayanan masu bashi. Duk wata sai na je, duk wata sai ta duba ta girgiza kai. Sai a wata na uku ta ce ya fita. Na ce alhamdu lillahi, na jawo kujera, na ce to maganar keke.

Ta ce, "Yanzu an nuna ka biya."

"Na biya, Hajiya."

"Amma an nuna sai da ka shekara huɗu kafin ka biya. Idan na kai wannan gaban manyana da maganar keke, ko buɗewa ba za su yi ba. Ka fara da ƙaramin abu."

Wallahi na ji kamar in kwanta a ƙasan ofishin nan. Da ba ni da tarihi an ce ba ni da tarihi. Yanzu na samu, an ce ba shi da kyau. Na tashi na fita ba sallama, na yi tafiya har bakin kasuwar Gumel, na sha ruwa, na tsaya ina kallon mutane. Sannan na dawo na ce mata wane irin ƙaramin abu.

Sikeli suka saya mini, nawa na kaina, biyan wata shida. Ranakun da ba kasuwa sai in ɗaure shi a babur ɗin haya in shiga ƙauyuka, in sayi zoɓo kwano-kwano in tara. Allah ya sa abin ya karɓe ni. A wata na biyu zoɓo ya yi tsada, na samu riba mai kauri, na ce yau zan nuna wa matar nan ko ni wane ne. Na ƙirga duk abin da ya rage a kaina, na je na ajiye mata a tebur.

Ta dubi kuɗin, ta dube ni. "Mene ne wannan?"

"Duka ne, Hajiya. Na gama da ku."

"Za ka iya biya, babu mai hana ka. Amma wata biyu za a gani a rubuce, ba shida ba. Su abin da suke so su gani shi ne wata ya zo ka biya, wani ya zo ka biya, ko da riba ko babu."

Ku duba mini wannan al'amari. Mutum da kuɗin mutane a hannunsa, yana roƙon a karɓa, ana ce masa ya dawo wata mai zuwa. Na tattara kuɗina na mayar aljihu, na ba da na wata ɗaya, na fito ina magana ni kaɗai a titi.

Haka na yi wata shida. Bayan sikeli suka saya mini babur, na shekara ina biya, ban taɓa bari ranar ta wuce ba. Akwai watan da mahaifiyata ta kwanta asibiti, na sayar da wayata na biya, na koma riƙe ƙaramar nan mai tocila. Sai da na cika shekara ashirin da bakwai aka miƙo mini makullin keke, lokacin kuɗinsa ya kusa ninka yadda na fara tambaya. Ranar matar nan ta cire tabaranta, abin da ban taɓa gani ba, ta ce mini masu bashin shinkafa irin nawa da yawa sun zauna a kujerar nan, mafi yawansu daga ranar da suka ji ba ta sake ganinsu ba. Na zaci za ta ƙara da wani yabo. Sai ta mayar da tabaran ta ce kada in manta ranar biya.

Yau kekena biyu, na gama biyan duka, na yi aure. Idan aka ce in faɗi abin da na koya, gaskiya ba wani abu mai zurfi ba ne. Na gane amanar da mutum ya tara a kasuwa iyakarta kasuwar. Mutum ɗari za su iya rantsewa a kanka a Maigatari, ka je Gumel a ce ba a san ka ba. Wannan bai yi mini daɗi ba a lokacin, har yanzu ma bai yi mini ba, amma haka abin yake, kuma fushina bai rage mini ko wata ɗaya ba. Na kuma gane mutum zai iya kwana da bashi shekara huɗu yana yawo yana cika baki. Duk wani ƙanena da ya buɗe asusu ina gaya masa ya je a duba masa sunansa tun bai buƙaci komai ba, kuma lambar nan kada ya ba kowa, ko wanda ya yi masa huɗuba ne. Ni kuwa yanzu ko takardar taron unguwa aka miƙo mini sai na karanta ta gaba da baya, mutane suna tsaki a bayana.

Kawu ban riƙe shi a zuciya ba. Na daɗe da gane cewa shi har ga Allah bai ɗauka cutata ya yi ba, a ganinsa rabo ya gani ya tsakuro wa gida. Amma in ce abin ya daina ba ni haushi, na yi ƙarya.

Kakar bara na je na kwaso masa geronsa daga gona, kamar yadda nake yi duk shekara, ba na karɓar ko kuɗin mai. Ya zauna kusa da ni a gaba, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, hularsa da ɗaya. Muka iso ƙofar gidansa, dattawan unguwa suna zaune a inuwa. Ya sauko a hankali, ya daddaki bodin keken da tafin hannu, ya juya wajensu.

"Kun ga yaron nan? Ni na fara shigar da shi harkar banki. A bayan babur na goya shi har Gagarawa, lokacin bai san komai ba."

Dattawa suka ce Allah ya saka da alheri, haka ake son babba. Na buɗe baki. Na dubi furfurarsa, na dubi mutanen da suke jiran in tabbatar.

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Buhu goma sha ɗaya ne, kuma ni kaɗai na sauke su.